Guga da Idon Rijiya: Nazari a kan Ƙayyade Kwararar Saƙonni a Manhajar Tsakani

Gabatarwa

Duk ɗalibin kimiyyar harshe ya haɗu da kalmomin "mai aikawa", "saƙo", "kafa" da "mai karɓa" tun a shekararsa ta farko. Da irinsu Roman Jakobson ya zana taswirar sadarwa a 1960, kuma shi kansa ya ci moriyar aikin injiniyoyin waya, musamman Claude Shannon da ya fitar da ra'insa na bayani a 1948. Sai dai akwai wani ɓangare na wannan gado da ba a cika tsayawa a kansa a azuzuwanmu ba, wato cewa kafa tana da iyakar abin da take ɗauka, mai karɓa kuma yana da iyakar abin da zai iya haɗiyewa a daƙiƙa guda. To me ke faruwa idan mai aikawa ya fi mai karɓa sauri? Wa zai ce masa ya sassauta, kuma da wane ma'auni?

Wannan maƙala ta bi tambayar zuwa inda ta fi tsanani a yau, wato cikin manhajojin da ke haɗa na'urorin bankuna da kamfanonin waya da hukumomi. Za a bayyana yadda ake ƙayyade yawan saƙonnin da irin waɗannan manhajoji ke sarrafawa da dalilin yin hakan, sannan a duba abubuwa biyu da suka rataya a wuyan masu nazarin Hausa: sunan da ya dace da wannan aiki, da harajin da haruffanmu masu ƙugiya ke biya a bakin ƙofarsa. An jingina bayanin da Kelle, a gundumar Gure ta jihar Damagaram, domin rijiyoyin makiyaya na wannan yanki sun daɗe suna fama da irin wannan matsala tun kafin a ƙera kwamfuta.

Mece ce manhajar tsakani?

A ɗauka wani ɗan ci-rani a Yamai ya tura wa mahaifiyarsa kuɗi a Kelle ta wayar salula. A idonsa aiki ɗaya ya yi. A zahiri kuwa saƙonsa ya ratsa na'urori da dama: wadda ta karɓi lambobin da ya danna, wadda ta tantance shi ne mai asusun, wadda ta cire kuɗin, wadda ta zuba su a ɗaya asusun, da wadda ta aika wa tsohuwa sanarwa. Waɗannan na'urori ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, ba kuma a zamani ɗaya ba, don haka kowace da irin tsarin da take rubuta bayani. Manhajar da ke zaune a tsakaninsu tana yin ayyuka uku. Tana fassara saƙo daga tsarin wannan zuwa na waccan, kamar tafinta. Tana zaɓar masa hanya, kamar ɗan jagora. Tana kuma riƙe shi a layi idan wadda za ta karɓa ba ta shirya ba.

Injiniyoyi na kiran wani nau'inta "dillalin saƙo", kuma sunan ya zauna wa Bahaushe daram. Wanda ya karanta littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan zai tuna maigidan fatake, wanda ke saukar da mai shanu, ya tsaya tsakaninsa da mahauta, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya. Irin wannan matsayi ne. Kamfanin IBM ya fitar da MQSeries a 1993, Gregor Hohpe da Bobby Woolf suka tattara dabarun fannin guda 65 a littafinsu Enterprise Integration Patterns a 2003, sannan Apache Camel da RabbitMQ suka bayyana a 2007, Kafka kuma a 2011. A matakin ƙasa ma akwai masu wannan aiki: NIBSS a Nijeriya, wadda ta fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, da GIM-UEMOA mai hedikwata a Dakar, wadda ke haɗa katunan bankunan ƙasashen sefa na Yammacin Afirka.

Darasin rijiya

Kelle tana arewa da Gure, a ƙasar duwatsun Kutus, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara. A nan Barebari da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye ke haɗuwa, a kasuwa da kuma bakin rijiya. Duk wanda ya ga shayarwa da rani a irin wannan yanki ya san abubuwa uku ne ke aiki tare: garken da ke tahowa, gugan da raƙumi ko sa ko jaki ke ja, da idon rijiyar da ke ɓuɓɓugo da ruwa daga ƙasa. Garke na iya ƙaruwa yadda ya so. Ana iya ƙara guga da igiya da dabbobin ja. Abin da ba a iya ƙarawa shi ne idon rijiya. Idan ɗiba ta fi ɓuɓɓuga sauri, ruwa zai ja baya, guga ya fara fitowa da laka, daga nan sai kowa ya zauna jira, har da wanda bai sami ko ɗigo ba. Saboda haka masu rijiya ke tsara juyi, su ce wannan garke da safe, wancan da la'asar, su kuma bar ta ta huta ta tara.

Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana, idan suna zargin ɗan tsakanin da ya tare alheri. A wannan fanni karin maganar tana buƙatar gyara kaɗan, domin sau da yawa gugan da ya hana shi ne ya ceci rijiyar. Tsohuwar na'urar asusu ta banki ita ce idon rijiya, tana da adadin da take gamawa a daƙiƙa. Manhajar tsakani ita ce guga, kuma za ta iya ɗibar fiye da haka nesa ba kusa ba. Ƙayyade kwarara shi ne a sa wa guga ƙaidi da gangan don ya daidaita da ƙarfin ido.

Dokar ƙasa ma ta taɓa wani gefe na batun. Dokar karkara ta Nijar ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, sun amince wa makiyaya da haƙƙin fifiko a yankin da suke da tushe, ba tare da fifikon ya zama izinin hana baƙo ruwa ba. Za mu sake cin karo da wannan ƙa'ida a wajen rabon kaso.

Lissafin layi

Ilimin jira a layi ya fara ne da A. K. Erlang, ma'aikacin kamfanin wayar Kopenhagen a Denmak, a 1909. A 1961 John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: matsakaicin yawan masu jira daidai yake da saurin shigowarsu idan aka ninka shi da tsawon lokacin da kowa ke ɗauka a ciki. Bari mu gwada ta da alƙaluman misali.

A ce na'urar asusu tana gama saƙo 200 a daƙiƙa, sai ranar biyan albashi saƙonni suka riƙa shigowa 500 a daƙiƙa. Kowace daƙiƙa 300 na taruwa. Cikin minti 10 layi ya kai 180,000, kuma wanda ya shigo a lokacin zai jira daƙiƙa 900, wato minti 15. Amma wayar mai turawa ba ta jira haka. A ce daƙiƙa 30 take haƙuri kafin ta ce aiki bai yiwu ba. Bisa ƙa'idar Little, layin da ke da amfani ba zai wuce 200 sau 30 ba, wato saƙo 6,000, kuma a wannan hali cikin daƙiƙa 20 kacal za a cike shi. Duk saƙon da aka karɓa bayan haka, na'ura za ta yi masa wahala ne bayan mai shi ya riga ya fid da rai. Mafi muni, za ta iya cire masa kuɗi alhali wayarsa ta riga ta gaya masa ba a yi ba.

Ko shigowa ba ta kai iyakar na'ura ba, jinkiri ba ya hawa sannu a hankali kamar yadda ake zato. A samfurin layi mafi sauƙi, inda saƙonni ke zuwa ba bisa tsari ba, lokacin da saƙo ke ɗauka shi ne ɗaya a raba da tazarar da ke tsakanin ƙarfin na'ura da saurin shigowa. Idan 100 ke shigowa, kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ne. Idan 180 ne, kashi 5 cikin 100. Idan suka kai 198, rabin daƙiƙa ne, wato ninki 50 na farko, alhali aikin bai ko ninka biyu ba. Shi ya sa ƙwararru ba sa ɗora ƙaidi a kan iyakar na'ura cif, sai su bar mata sarari.

Tarihi ya nuna inda rashin ƙaidi ke kaiwa. A watan Oktoba na 1986, saurin bayanai tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wurare biyu da tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. (Bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, zaɓi tsakanin e da a'a.) Wayoyin lafiyarsu ƙalau. Na'urori ne ke ta maimaita aika abin da suka zaci ya ɓata, har maimaicin ya cinye hanyar. Maganin da Van Jacobson ya bayar a 1988, wanda intanet ke tafiya a kansa har yau, shi ne mai aikawa ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa, da ya ga alamar cunkoso kuma ya rage rabi.

Mu ma mun ga namu. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Fabrairun 2023 takardar kuɗi ta yi ƙaranci ƙwarai, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, har mai shayi da mai kayan miya. Jaridu suka cika da koke iri ɗaya: an cire kuɗi ba su isa ba, manhajar banki ta ƙi buɗewa, sanarwa ta zo bayan kwana guda. Kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, inda dabbobin Damagaram ke sauka ranar Alhamis, su ma sun ji a jikinsu, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Abin lura ga darasinmu shi ne halin mai turawa. Wanda turawarsa ta maƙale ba ya komawa gida, sake dannawa yake yi, sau uku, sau biyar. Cunkoso na haifar da maimaici, maimaici na ƙara cunkoso.

Hanyoyin ƙayyadewa

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙirga saƙonni a cikin wa'adi, a ce 100 a minti, da an cika a rufe ƙofa sai sabon minti. Aibinta a bayyane yake: 100 na iya shigowa a daƙiƙar ƙarshe ta wannan minti, wasu 100 a daƙiƙar farko ta na gaba, na'ura ta sha 200 cikin daƙiƙa biyu ba tare da an karya doka ba.

Don toshe wannan kafa aka zo da dabaru biyu, kuma abin sha'awa duka biyun da sunan guga aka san su. Na farko shi ne guga mai yoyo, wanda Jonathan Turner ya bayyana a 1986. Ana zuba saƙonni a sama yadda suka zo, amma suna fita ta huda ɗaya a ƙasa da sauri madaidaici, idan gugan ya cika kuwa rarar ta zube. Wannan ya dace da mai karɓar da ba ya jure mamaki ko kaɗan. Na biyu shi ne gugan tikiti. A nan tikiti ne ke ɗiga cikin guga da sauri madaidaici, a ce 200 a daƙiƙa, gugan kuma yana ɗaukar 400. Kowane saƙo sai ya ɗauki tikiti ɗaya zai wuce. Idan an yi shiru tikiti na taruwa, don haka in ayari ya zo gaba ɗaya, 400 na farko su wuce nan take, sauran su bi a hankali. Wannan shi ne ainihin halin rijiyar da ta kwana ta tara ruwa: garken asuba na sha babu jira, na hantsi kuwa sai yadda ido ya bayar. A ganina ya fi dacewa da harkar kuɗi a yankunanmu, inda aiki ke zuwa a dunƙule ranar kasuwa da jajibirin salla.

Bayan an sa ƙaidi, sai a yanke abin da za a yi da rara. Ko a jinkirta ta, ko a mayar da ita. Apache Camel tana ba da zaɓin biyun. Kafka takan auna kason kowane mai hulɗa da ita, in ya wuce sai ta jinkirta ba shi amsa har saurinsa ya dawo daidai. BizTalk ta kamfanin Microsoft tana lura da ƙwaƙwalwar na'ura da girman rumbun saƙonni, ta sassauta da kanta idan ta ga nauyi ya yi yawa. A shafukan intanet kuwa, tun Afrilun 2012 aka keɓe lamba 429 don a ce wa mai aikawa buƙatunsa sun yi yawa, ana iya haɗawa da lokacin da zai dawo. Mayarwa da wuri ba ta da daɗin ji, amma ta fi karɓar amanar da ba za a iya saukewa ba. Shi kuma wanda aka mayar, ladabinsa shi ne ya ninka tsawon jiransa a kowane gwaji, daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, ya kuma ɗan saɓa lokacin don kada duk waɗanda aka mayar su dawo a tare. Dole kuma kowane saƙo ya zo da lambar shaidarsa, yadda in ya iso sau biyu za a biya sau ɗaya. Amfanin lambar nan mai alƙaluma 30 da ake gani a rasit ɗin tura kuɗi tsakanin bankunan Nijeriya ke nan, da ita ake bin sawun ciniki.

Sai batun kaso. Idan ƙaidi ɗaya aka sa wa kowa da kowa, babban kamfanin da ke tura albashin ma'aikata 50,000 zai kwashe tikitin duka, wakilin kuɗi na Kelle da ke da mutum biyar a gabansa, ga kuma sabis mai ɗaukewa yana dawowa, ya tashi a tutar babu. Gyaran shi ne kowane mai aikawa ya sami gugansa, a ba wasu fifiko, amma a ware wa ƙanana kason da ba a taɓawa. Dokar kiwo ta riga ta faɗi haka a kan ruwa.

Abin da baki da kunne suka riga suka sani

Akwai hanya ta daban wadda ba ta buƙatar a ƙiyasta ƙarfin mai karɓa tun farko: a bar shi ya riƙe linzamin. A RabbitMQ ana iya cewa kada a ba mai karɓa fiye da saƙo kaza da bai amsa ya gama ba. Da ya amsa ɗaya sai a miƙa masa wani. In ya gaji amsarsa ta yi jinkiri, kwarara ta ragu da kanta.

Ɗalibin harshe ya san wannan tsari, ko da bai san sunansa ba. A majalisin tafsiri, mai jan baƙi yakan karanta aya ko yankinta ya tsaya, malam ya fassara ya yi sharhi, sai ya yi masa ishara, sau da yawa da kalma guda kamar "na'am", sannan ya ci gaba. Alaramma ya fi sauri nesa, amma malam ke yanke saurin majalisi. A tsangaya ba a rubuta wa almajiri sabon karatu sai ya riƙe na allonsa ya wanke. A hira ta yau da kullum ma, "to", "haka ne", "ƙwarai", "ikon Allah" da mai sauraro ke jefawa, waɗanda Victor Yngve ya jawo hankali ga irinsu a 1970, shaidar karɓa ce. In suka ɗauke, mai magana yakan sassauta ko ya tambaya, "Kana ji na kuwa?"

Wani bincike da Christophe Coupé da Yoon Mi Oh da Dan Dediu da François Pellegrino suka wallafa a 2019 ya auna harsuna 17, ya gano cewa masu furta gaɓoɓi da sauri, kamar Japananci da Sifaniyanci, kowace gaɓarsu bayani kaɗan take ɗauka, masu tafiya a hankali kuma, kamar harshen Biyetnam, gaɓarsu ta fi nauyi, har duka suka taru a kusan bit 39 a daƙiƙa. Wato harshe ma da ƙaidinsa. Babu harshen Afirka ko ɗaya a cikin 17 ɗin. Hausa, da karin sautinta da tsawon wasalinta da gaɓoɓinta iri uku, tana jiran wanda zai auna ta, kuma aiki ne da ya isa kundin digiri na biyu.

Wane suna za a ba shi?

Kalmar Ingilishi ta wannan aiki ita ce throttle, wadda tushenta ɗaya da kalmar maƙogwaro, ma'anarta ta asali kuwa shaƙewa. Mai son aro zai ce a Hausance ta kawai. Matsalar ita ce Hausa ta riga ta are ta tun zuwan mota, ta sauƙaƙa cunkoson baƙaƙen farkonta, ta mayar da lam ɗin ƙarshe ra, ta zama "totur". Kuma a bakin direba da ɗan kabu-kabu, taka totur ƙara gudu ne. Kalmar ta shigo ta ƙofar da ta juya mata ma'ana, don haka in aka ce an yi wa saƙonni totur, mai sauraro zai fahimci kishiyar abin da ake nufi. Fassara kai tsaye ma ba ta fid da mu, domin "shaƙewa" da "maƙurewa" na ɗauke da cutarwa da ajali.

Saura kalmomin gida. "Taƙaitawa" ita ce ta fi saurin zuwa baki, amma taƙaita saƙo a Hausa gajarta shi ne, a cire wani abu daga cikinsa, alhali a nan ba a taɓa cikin saƙo. "Ragewa" ba ta nuna akwai ma'auni tsayayye. "Hanawa" ta yi tsauri, tunda yawancin saƙonnin wucewa suke yi. Wadda ta rage ita ce "ƙayyadewa", daga Larabci qayyada, tushen da ya ba mu "ƙaidi", wanda asalinsa mari ne ko abin ɗaure ƙafa. Hoton da ke cikinta na dabaibayi ne: raƙumin da aka yi wa dabaibayi yana kiwo yana tafiya, tsere ne kawai ba zai yi ba. Ga abin da ake ƙayyadewa kuwa, "kwarara" ta fi "gudu", domin gudu na nufin saurin abu ɗaya, kwarara kuma yawan abin da ke wucewa a lokaci, kamar yadda Faransanci ke amfani da débit ga kogi da ga waya. Shawarar wannan maƙala ke nan: ƙayyade kwarara.

Sauran kalmomin za su iya bin hanyar harɗantawa, wadda Joseph McIntyre ya yi wa littafi guda a 2006, irin ta "fasa-ƙwauri" da "hana-salla". Ishara daga mai karɓa cewa a sassauta za ta iya zama "dakata-tukuna". Wurin da ake ajiye saƙon da aka gwada isarwa aka kasa, wanda Turawa ke dangantawa da mutuwa, ya fi kyau a kira shi "akwatin cigiya", tunda saƙon bai mutu ba, mai nemansa yake jira. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi irin wannan hidima, fannin kwamfuta ne ke baya.

Harajin ƙugiya

Duk ƙaidi yana da abin da yake ƙirgawa, kuma a nan ne batun ya taɓa rubutun Hausa kai tsaye. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffansa na cikin jerin GSM, jerin da aka tsara don harsunan Yammacin Turai. Akwai é da è da à na Faransanci a ciki. Babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Da ɗayansu ya shiga, ko sau ɗaya ne, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai. In ya wuce haka a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa harafi 67. Ƙofar kamfanin waya kuma gunduwa take ƙirgawa, a kuɗi da kuma a ƙaidi.

A ɗauka wata hukuma na son sanar da makiyayan Gure da Kelle ranar rigakafin dabbobi, lambobin waya 60,000, an ba ta gunduwa 50 a daƙiƙa. Sanarwar harafi 140 ce. Da Faransanci, ko da Hausa marar ƙugiya, gunduwa ɗaya ce, aikin minti 20. Da daidaitacciyar Hausa gunduwa 3 ce, aikin awa guda, kuɗin ma ninki uku. Ba sai an tambayi abin da akawun hukumar zai zaɓa ba. Haka ƙugiya ke faɗuwa, ba don jahilcin marubuci ba, sai don ma'aunin da aka sa a ƙofa. Asarar kuwa ba ta ado ba ce. "Kasa" da "ƙasa", "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa" kalmomi ne mabambanta. Ɗan ci-ranin nan da ya sami saƙo cewa "an bata kudin" ba zai san ko an ba ta kuɗin ba ne ko an ɓata su.

Ko inda ake ƙirga bayit maimakon gunduwa, kamar a kason Kafka, bambancin na nan, sai dai ya fi sauƙi. A tsarin UTF-8 harafin boko na gama-gari bayit 1 ne, mai ƙugiya 2, harafin ajami 2, na Tifinag da Buzaye ke rubutu da shi 3.

Mafita ta wucin gadi tsohuwa ce. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya rubuta waɗannan sautuka da alamar ɗauri, 'b da 'd da k', kuma miƙaƙƙiyar alamar tana cikin jerin GSM. Sanarwar harafi 140 mai ƙugiya 10 za ta zama 150, ta shige a gunduwa ɗaya da ma'anarta cikakkiya. Sai dai a kula, lanƙwasasshiyar alamar da manhajojin rubutu ke sauyawa da kansu ba ta cikin jerin, ita ma tana jefa saƙo cikin tsarin 70. Wannan sauyi daga ƙugiya zuwa alama aikin fassara ne, don haka gurbinsa na cikin manhajar tsakani, a matakin ƙarshe kafin ƙofar kamfanin waya, yadda rumbun hukuma zai ci gaba da adana rubutu daidai.

Mafita ta dindindin ma akwai ta a cikin ƙa'idar kanta. Ƙungiyar 3GPP, mai kula da ƙa'idojin wayar salula, ta tanadi ƙarin jerin haruffa ga Turkanci da Sifaniyanci da Fotugisanci da harsunan Indiya da dama, har da Hindi da Tamil da Urdu. Saƙon da ya yi amfani da irin wannan ƙari yana samun gurbi 155, kowane harafi na musamman yana cin gurbi biyu, don haka sanarwarmu za ta ci 150 ta wuce a gunduwa ɗaya. Hausa ba ta da irin wannan jeri. Haruffa 8 take buƙata, manya da ƙanana. In aka ƙara ŋ ta Fulatanci, wanda shi ma ke amfani da ɓ da ɗ da ƴ, da ǝ ta Barbarci, jeri ɗaya zai amfani uku daga cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwar Kelle. Hukumomin da ke da bakin kai irin wannan buƙata su ne ARCEP a Nijar da NCC a Nijeriya, jerin haruffan da ƙididdigar yawan aukuwarsu a rubutu kuwa daga sassan nazarin harshe za su fito.